Yadda Za Ka Samo Wa Tsohonka Tabarau a Garabasar Layin Da Ba Naku Ba

Ɗan'uwa, matso kusa. Idan kamfanin wayar da ba naka ba ya fito da garabasa, ya rubuta a can ƙasa da ƙananan haruffa cewa "ga masu layinmu kawai", kada ka tsaya kana cizon yatsa. Akwai hanya, kuma ni na bi ta da ƙafata. Matakai tara ne. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya, na ba ka tabbacin abin da ka fita nema zai shigo gidanku. Ni tabarau na fita nemo wa mahaifina, kuma yanzu haka da nake maka bayani yana kan hancinsa.

Mataki na 1: Ka nemi dalilin da zai hana ka jin kunya

Kada ka fara don kwaɗayi. Mai kwaɗayi tun a ƙofa idonsa yake tona shi. Ka nemi dalili mai nauyi, irin wanda ko kai ka tuna sai ka ji tausayin kanka.

Nawa dalilin Baba ne. Tela ne, mai gyaran kaya, shekara arba'in a kan keke ɗaya a wani ɗan shago bakin titi. Shekara biyu ke nan idonsa ya daina ganin kafar allura. Idan zare ya tsinke sai ya zauna, hannu a kan gwiwa, har wani ya gifta, sai ya ce, "Kai, zo ka ga irin allurar da suke yi yanzu, ko ƙofa ba ta da ita." Mutum ya zura masa zaren, ya wuce yana murmushi. Watan jiya ya yi wa shugaban makaranta facin farar riga da shuɗin zare. Mutumin ya biya, ya yi godiya, bai kuma sake dawowa ba. Haka suke ta zamewa ɗaya ɗaya, kuma Baba ya sani.

Sau nawa na ce mu je a auna idon? Amsarsa ɗaya ce: "Auta, 'ya'yanka uku. Ba zan ɗora kuɗin makarantarsu a kan hancina ba." Abin kyauta kawai zai karɓa. Ka ga ke nan ba ni na jawo ba.

Mataki na 2: Ka karanta sharuɗɗan har ranka ya ɓaci

Ɓacin rai shi ne man wannan aikin, ka tara shi da yawa.

Kamfanin da muke kira Mai Tsuntsu, saboda tsuntsun da ke jikin tambarinsa, shi ya kafa rumfa a filin gaban ofishinsa: kwana biyu, awon ido kyauta, tabarau kyauta. Amma sai wanda layinsa ya kai wata shida a hannunsa, kuma aka turo masa saƙon gayyata. Wato ko ka ruga ka sayi layin yau, ka yi asarar kuɗinka. Mu kuwa gidanmu kaf Mai Fitila muke riƙe da shi. Lambar Baba tana rubuce da fenti a jikin ƙofar shago tun ina makarantar sakandare, kuma ko fentin ya koɗe duk unguwa sun haddace ta.

To ga inda za ka samo ɓacin ran. Dogon ƙarfen sabis na Mai Tsuntsu a bayan shagon Baba yake tsaye, katanga ɗaya ce tsakani. Shekara tara janaretansu yana gurnani a kunnensa, hayaƙi yana shigo masa ta taga yana baƙanta yadin mutane. Ko sau ɗaya hayaƙin nan bai tsaya a taga ya tambayi layin da muke amfani da shi ba. Sai da aka zo rabon tabarau aka tuna ashe mu baƙi ne. Ka maimaita wannan a zuciyarka sau uku, za ka ji duk abin da ka yi daga nan ya zama ƙwatar haƙƙi.

Mataki na 3: Ka samo saƙon asali, ka kuma je leƙen asiri

A kowace unguwa akwai wanda aka turo wa gayyata alhali ba ya bukata. Namu mai kanti ne, mutumin da yake hango yagaggiyar takardar kuɗi tun kana tsallaken titi. Na roƙe shi aron wayar, ya ce ina, shi ma zai je ya karɓi nasa ya ajiye saboda tsufa. Amma ya yarda na kwafi saƙon a bayan kwalin sabulu, harafi da harafi.

Ranar farko kada ka kai tsohonka. Ka je kai kaɗai, ka tsaya bayan igiya kamar mai jiran wani, ka zuba ido. Ni abin da na gano shi ne yarinyar da ke teburin rajista abu ɗaya take dubawa: sunan wanda ya turo saƙon. In ta ga TSUNTSU da manyan haruffa a sama, sai ta rubuta sunanka ta ce ka shiga. Mutum ɗari uku a rana, ga zafi, wa yake da lokacin bincike?

Mataki na 4: Ka zaɓi wanda zai zama kamfani

Nan ne gwaninta take, ka buɗe kunne. Za ka ɗauki wayar tsohonka, ka nemi lambar wani ɗan gida, ka goge sunansa ka rubuta sunan kamfanin. Daga nan duk saƙon da ya fito daga wannan lambar, kamfani ne ya turo. Tsohon ba zai lura ba, tunda da yana iya karanta allon wayarsa da ba mu zo nan ba.

Kada ka sa lambarka. In kun rabu a cikin taro ka kira shi, kamfani ne zai bayyana yana tambayar "Baba kana ina?" Kada ka sa ta matarka, za ta tambaye ka dalili, dalilin kuma zai haifi wani dalilin. Kada ka sa ta yayarka, wadda ba ta iya karyawa sai ta tura wa dangi gaisuwar safiya. Ka nemi mutumin da ka tabbata har duniya ta naɗe ba zai kira wannan lambar ba.

Ni Inna na zaɓa, kuma har gobe ina cewa lissafina daidai ne. Tunda aka saya mata waya ba ta taɓa kiran Baba ba. In yana gida ta taga take ƙwala masa kira, in yana shago ta jira ya dawo ta haɗa masa da na jiya. Katin da na sa mata tun bara yana nan ba ta taɓa ba, tana cewa na ranar larura ne.

Na same ta tana shanya. "Inna, ara mini wayarki minti biyu."

"Ka cinye mini kati?"

"Saƙo ɗaya zan tura wa Baba."

"Ga shi can a ɗaki yana jin rediyo, bakinka ciwo yake?"

Dole na gaya mata rabin gaskiya. Ta dube ni sama da ƙasa, ta miƙo wayar, ta ce, "Ni dai ban gani ba, ban ji ba. Amma in za a zaɓa, ka ce a ba shi mai baƙin ƙarfe, mai ruwan zinare zai sa ya yi kama da dillalin filaye."

Mataki na 5: Kada ka gaya wa tsohon komai

Tsoho mai gaskiya kaya ne mai nauyi, a rufe ake ɗaukarsa. Ka tura saƙon, ka jira wayarsa ta yi ƙara, ka shigo kamar wucewa kake yi.

"Auta, duba mini, wa ke nemana?"

Na karɓa, na zaro ido. "Baba! Mai Tsuntsu ne. Wai suna gayyatarka awon ido da tabarau kyauta."

"Ni? Ai ba layinsu nake ba."

"Maƙwabtaka, Baba. Wai har da waɗanda ke kusa da ƙarfensu."

Ya rage muryar rediyo. Can ya ce, "Allah sarki. Ashe mutanen kirki ne. Ni kuma shekara tara ina zaginsu a kan janareta." Ya tashi da kansa ya ciro rigarsa ta zuwa taro, ya ce a goge masa.

A daidai nan za ka ji wani abu ya soke ka a ƙirji. Kada ka kula, yunwa ce, ka nemi abin da za ka ci.

Mataki na 6: A cikin sahu, ka yi ƙorafi

Ku isa da wuri. Ka buɗe saƙon tun a hanya ka bar shi a buɗe, don kada sunan layinku na gaskiya ya leƙo a saman allo.

Sannan ka kiyaye wannan: mai layi na gaskiya ba ya yabon layinsa. Duk wanda ka ji a sahu yana cewa "kai, kamfanin nan akwai kirki", ɗan leƙen asiri ne ko baƙo irinka. Kai ka dafe kai ka ce, "Jiya na sa data, ko hoto ɗaya ban buɗe ba ta ƙare." Nan take mutum shida za su juyo su rungume ka da baki. Ni kafin mu kai tsakiyar sahu har an ba Baba kujera, wani direba kuma yana rantsuwa cewa tare muka sayi layi.

Matsalata ɗaya Baba. Duk wanda ya zagi kamfanin sai ya ce, "A'a, ku ji tsoron Allah, mutanen nan sun san haƙƙin maƙwabci." Sai na riƙa tari ina jan hannun rigarsa.

Kada ka kalli bayan igiya. A can waɗanda aka koro suke tsaye. Akwai wata tsohuwa mai sayar da zare da maɓallai, Baba ya gane muryarta tana cewa ita ba ta san layin waye a wayarta ba, jikarta ce ta sa mata. Aka ce ta yi haƙuri. Ta tsaya nan dai riƙe da igiyar, ko za a canza shawara.

Mataki na 7: Kada wayar ta bar hannunka

Wannan matakin ka rubuta shi a tafin hannunka. Kai za ka riƙe wayar, ka nuna daga nesa, ka mayar aljihu. Daƙiƙa uku ya isa.

Ni na riƙe ta tun daga gida har gaban teburi. Muna isa Baba ya ce, "Kawo nan, ai ni aka gayyata." Ya karɓe, ya miƙa wa yarinyar da hannu biyu, har da ɗan rusunawa. Ta duba, ta ga TSUNTSU, ta ja rajista. "Sunanka, Baba?" Ya faɗa. Ta rubuta. Wallahi har na fara jin iskar fankar cikin rumfa a fuskata.

Sai wayar ta ɗauki ƙara a hannunta.

Ta kalli allon, ta miƙe tsaye zumbur. "Manaja! Manaja, zo ka gani, kamfani ne ke kira!"

Wani mutum rataye da igiyar katin aiki a wuya ya taho da sauri, ya leƙa, ya gyara kwalar rigarsa. "Hedkwata ce. Sun ce za su riƙa kiran kwastomomi su ji yadda aiki ke tafiya. Ɗauki, ki buɗe murya kowa ya ji." Ya ɗaga hannu, sahu ya yi tsit. 

"Barka da rana, ranka ya daɗe," in ji manaja, yana sunkuyo da kai kusa da wayar.

"Wane ne wannan kuma? Ba Malam wayarsa!" Muryar Inna ta cika rumfar. "Malam, kana jina? Ka bar maganin hawan jininka a ɗaki. Kada ka ce na dame ka, Mai Fitila ne suka turo mana minti talatin kyauta, wai na yau kawai, don su huce haushin masu rabon tabarau. Na kira yayar Auta, na kira ƙanwata, saura minti goma sha ɗaya, na ce ba zan bar musu ko ɗaya ba. To yaya? Sun yarda da saƙon da Auta ya rubuta da wayata?"

Ka ga irin rashin adalcin da nake faɗa maka. Shekara nawa muna tare da Mai Fitila ko minti ɗaya ba su taɓa ba mu ba, sai ranar.

Mataki na 8: Idan asiri ya tonu, ka yi shiru ka bar manya su yi magana

Kada ka gudu, sahu ya toshe hanya. Kada ka ce kuskure ne, direban da ya rantse tare kuka sayi layi yana bayanka yana huci. Ka kalli takalminka kawai.

Baba bai juyo ya dube ni ba, kuma wannan ya fi mari ciwo. Ya sa hannu ya karɓi wayarsa. Yarinyar, Allah ya yi mata albarka, ta rage murya ta ce, "Baba, na riga na rubuta sunanka. Ka shiga kawai."

"Goge shi, 'yata," ya ce. "Ban san da haka aka kawo ni ba. Ki yafe mana ɓata miki rajista."

Sannan ya juya wajen manaja. "Ɗana, tambaya ɗaya. Ni ne telan da ke jikin ƙarfenku na bakin titi. Hayaƙinku na sha, ƙararku na sha. Waccan baiwar Allah da ke riƙe da igiya, ita ma a titin take kasa kayanta. Abin da ke cikin rumfar nan, idon mutum yake aunawa ko na waya?"

Manaja ya shafa ƙeya. "Baba, wallahi ba ni na tsara ba. Umarni ne daga hedkwata."

"Hedkwatarku dai yanzu muka ji ta," in ji Baba. "Cewa ta yi in sha magani."

Rumfa ta kwashe da dariya, har mai awon ido ya leƙo. Manaja ma ya dara, amma igiyar tana nan inda take, ba wanda ya kwance ta. Baba ya gyara rigarsa ta zuwa taro, ya bi ta gefen sahu ya fita, yana gaisawa da mutane ɗaya ɗaya kamar shi ya shirya taron. Na bi shi a baya kamar an tsoma ni a ruwa.

Muna fita wayar ta yi magana daga cikin tafinsa, ashe ba wanda ya kashe. "Malam, duk na ji. Saura minti huɗu. Ba ni Auta."

Abin da ta faɗa mini a minti huɗun nan ba ya cikin darasi.

Mataki na 9: Ka bi tsohon duk inda ya nufa

Na ɗauka gida za mu. Sai na ga ya tsayar da mota ya ce a kai mu shagon likitan ido na cikin kasuwa.

"Baba, ai can na kuɗi ne."

"Na sani. Shekara biyu ina hana ka saya don ina tausayinka. Yau tausayin ya ƙare."

"Ban fito da komai ba, Baba."

"Wannan faffaɗar da ke aljihunka fa, wadda ka ce ta fi talabijin ɗinmu tsada? Ga masu sayen waya can a ƙofar kasuwa."

Kada ka yi gardama. Ka cire layinka, ka goge hotuna, ka karɓi abin da suka ba ka ko da rabin kuɗinta ne. Likita ya ɗora masa gilasai kala-kala yana tambaya, wannan ko wannan, har aka dace. Aka ce mu zauna, bayan awa biyu aka miƙo mai baƙin ƙarfe.

Baba ya saka. Ya kalli tafin hannunsa, gaba da baya. Ya zaro allurar da kullum take soke a bakin aljihunsa, ya tsinko zare daga gefen rigar, ya lasa, ya zura. Sau ɗaya. Ya zare, ya sake zurawa, don dai ya tabbatar. Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba, ni da na shigo ina kukan waya.

Sai ya ɗago ya dube ni. Ya daɗe yana kallo, har na fara tunanin zai sa mini albarka.

"Auta," ya ce, "yaushe ka yi furfura?"

"Ta kwana biyu, Baba."

"Ikon Allah. Ni duk a zatona yaro ne ya yi mini wannan aikin, har ina nema maka uzuri a mota." Ya cire tabaran ya goge da gefen riga, ya mayar, ya ƙara dubawa. "A'a, furfura ce. Tashi mu je, akwai wandon mutane yana jirana."

Sanarwa

Marubucin wannan darasi ba shi da hannu a duk abin da zai same ka a rumfa, a sahu, ko a gaban mahaifinka. Idan kamfaninku ya ga dama ya yi kyauta a ranar da ba a tambaye shi ba, tsakaninku ne. Idan tsohonka ya fara ganin ƙurar da ke kan talabijin, da facin da ke gwiwar wandonka, da fuskarka lokacin da kake cewa "ina hanya", kai ka kai shi, ba ni ba. Mai ƙorafi kada ya wahalar da kansa neman lambata, layin yana cikin kwalin ashana, wayar tana kasuwa. Ya same ni a shagon Baba da yamma. Baba ya ce tunda na iya kwafar rubutu harafi da harafi, ni zan sake rubuta lambarsa da fenti a jikin ƙofa, kuma yana zaune yana kallo.